Wa Zai Taɓa Mini Kai? Wahalar Neman Makitsiya da Mai Aski a Istanbul

Idan aka ce yarinya ta samu gurbin karatu a Turkiyya, gidan duk sai ya ɗauki harama. Uwa ta daka yaji, ta ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Uba ya shiga zirga-zirgar fasfo da biza da canjin dala, yayye kuma su bazama kasuwa neman rigunan sanyi. Ana jibi tafiya sai a kira makitsiyar unguwa, a ce ta yi mata ƙanana waɗanda za su daɗe. Ta zauna ta yarfa mata kitso, a shafa mai, a ɗaura ɗankwali, daga nan babu wanda zai sake tuna zancen kai. Kitso kuwa komai kyansa, in ya yi mako uku ko huɗu ya tsufa. Gefe ya tashi, kai ya fara ƙaiƙayi, sannan yarinya ta farga cewa tana cikin birnin da ke da mutum sama da miliyan 15, amma ba ta san ko mutum ɗaya da za ta miƙa wa kanta ba.

Na samari ya fi saurin zuwa. Saisaye da gyaran fuskar da aka yi a gida ba sa wuce mako biyu. Shi ya sa tambayar ke yawan faɗowa a zaurukan WhatsApp na ɗalibai da 'yan kasuwa: don Allah wa ya san mai aski da ke jin Turanci? Wace ce ta san inda ake kitso?

Masu wannan tambaya ba kaɗan ba ne. Tun da Turkiyya ta ayyana 2005 a matsayin shekarar Afirka take ta matsowa nahiyar, har ofisoshin jakadancinta suka tashi daga 12 a 2002 zuwa sama da 40. A 2012 ta buɗe shirin tallafin karatu na gwamnati, Türkiye Bursları, kuma yau ɗaliban ƙasashen waje da ke jami'o'inta sun haura dubu 300. Jiragen Turkish Airlines na sauka Abuja da Legas. Ga kuma masu saro kaya, mata da maza, da ke cika unguwannin Laleli da Osmanbey da Merter suna ɗaurin abaya da dogayen riguna da takalma zuwa kasuwannin Kano da Abuja da Yamai. Mai saro kaya da zai yi kwana goma ya koma ba shi da damuwa sosai. Wanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya shi ne mai zama: ɗaliba, matar da ta biyo mijinta, wakilin da ke tura kaya, da majinyacin da jinya ta zaunar.

Turanci yana inda dala take

Ɗan Najeriya ya taso da tunanin cewa Turanci zai fisshe shi ko'ina. A Turkiyya wannan tunani ba ya ɗorewa. Ma'aunin da kamfanin EF ke fitarwa duk shekara ya daɗe yana sanya ƙasar cikin rukunin masu ƙarancin ƙwarewa a Turanci. Mai askin unguwa kuwa galibi bai bi ta jami'a ba. Ya shigo sana'ar ne tun yana yaro a matsayin almajirin shago, wanda suke kira çırak, ya zama kalfa, kafin ya kai matsayin usta, wato gwanin da ke da takardar shaidar da za ta ba shi damar buɗe shagon kansa. Tsari ne mai kyau, yana kuma fitar da ƙwararru na gaske, sai dai babu abin da ya haɗa shi da harshen Ingila.

Akwai masu jin Turancin, amma a ina? A Nişantaşı da Etiler da manyan otal-otal, inda kuɗin gyaran kai sau ɗaya zai iya cinye abincin ɗalibi na kwanaki. Haka nan a asibitocin dashen gashi da Istanbul ta yi suna a kansu, inda za ka tarar da tafinta na Turanci da Larabci da Faransanci suna jiran baƙo tun daga filin jirgi, domin shi da dala ko yuro yake biya. Ɗalibin da ke lissafin lira a aljihu, shagon da ke ƙasan benensu zai shiga, ya zaro waya, ya buɗe manhajar fassara, ya nuna hoto, sannan ya yi addu'a.

Da harshe ne kaɗai matsalar, da abin ya zo da sauƙi. Wanda ya samu tallafin gwamnati sai ya yi shekara guda yana koyon Turkanci kafin ya shiga aji, kuma cikin 'yan watanni zai iya cewa a rage kaɗan, a bar gemu, a sa lamba biyu. Abin da na fi so iyaye da matafiya su gane shi ne, tambayar da ake yi tun farko ba ta cika ba. Mutum zai iya jin Turanci kamar bakinsa, amma bai taɓa riƙe irin gashinmu ba.

Ingila kanta shaida ce. Baƙar fata sun yi shekara aru-aru a can, sun ƙaru sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma sai a 2021 aka sabunta ƙa'idojin koyar da sana'ar gyaran gashi na ƙasar aka shigar da gashin 'yan Afirka cikin abin da ɗalibi zai koya. Jihar New York ta Amurka sai a 2023 ta yi irin wannan doka. To idan haka abin yake a inda Turanci ya samo asali, me za a ce da shagon da ke wani lungu a unguwar Bağcılar ta Istanbul?

Abin da hannu ya kamata ya sani

Gashinmu daban yake tun daga tushe. Silin gashin mutanen gabashin Asiya kusan zagayayye ne, na Bature ya ɗan baje, namu kuwa ya fi bajewa, ramin da yake fitowa ma a lanƙwashe yake. Saboda haka yake nannaɗewa, kuma duk inda ya murɗe nan ne rauninsa. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarawa har ƙarshen sili yadda yake yi a miƙaƙƙen gashi, shi ya sa namu ke saurin bushewa, musamman a hunturun Istanbul, lokacin da na'urar ɗumama ɗaki ke shanye laimar iska dare da rana. Ba ya kuma saurin tsiro. Wani bincike da Geneviève Loussouarn ta wallafa a 2001 ya nuna gashin 'yan Afirka na ƙaruwa da kimanin milimita 8 a wata, na Turawa kuwa kusan milimita 12. Ke nan abin da almakashi ya ɗebe cikin daƙiƙa biyu bisa kuskure, sai an yi watanni ana jiransa.

Yanzu a ɗauki mace ta shiga kuaför, kamar yadda suke kiran shagon gyaran gashi. Abin da mai gyaran ta saba yi kullum shi ne wanki, sai fön, wato busarwa da iska mai zafi ana ja da zagayayyen buroshi har gashi ya miƙe. Za ta ɗauko mataji mai ƙananan haƙora ta sa a busasshen kai tun daga tushe, alhali namu sai an jiƙa, an raba gida-gida, an fara tajewa daga baki ana hawa a hankali. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da aka koya mata ke nan. Amma mai kai za ta ga gashinta na zuba a kafaɗa, idonta ya ciko da ƙwalla, ga shi ba ta da kalmar da za ta ce a dakata. Idan gashin ya gagara, shawarar da ke biyo baya ita ce a miƙar da shi da sinadari, wanda suke kira keratin ko Brezilya fönü.

A nan ya kamata a tsaya. Da yawa daga irin waɗannan mayukan suna fitar da sinadarin fomaldihaid idan zafi ya taɓa su, shi kuwa sananne ne cikin abubuwan da ke haddasa sankara. A watan Oktoban 2022 masu bincike a Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasa na Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da dubu 33. Sun ƙiyasta cewa cikin matan da ba sa amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, amma cikin masu yawan amfani da shi adadin ya kai kashi 4.05. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa man ne sanadi kai tsaye ba. Duk da haka, bai dace mace ta amince da irin wannan abu ta hanyar gyaɗa kai kawai don ba ta fahimci abin da aka ce ba.

Namiji ya fi samun sauƙi, don kilifa kilifa ce ko'ina, kuma masu askin Turkiyya sun yi suna a duniya. Za a tarbe shi da shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, a wanke masa kai, a matsa masa kafaɗa, a ƙarshe a zuba masa turaren lemon tsami a hannu. Zai iya razana ranar farko idan ya ga an kunna wuta a ɗan tsinke ana kaɗa masa a kunne don babbake gashin wurin, amma wannan ba ya cutarwa a hannun gwani. Inda matsalar take shi ne aska. Alfaharin mai askin Turkiyya shi ne ya kwashe gemu tas har fata ta yi santsi, yana bi yana dawowa. Gashin da ke nannaɗewa kuwa in aka yanke shi ƙasa sosai, bakinsa ya yi tsini, sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata, bayan kwana biyu ƙuraje su feso a haɓa da wuya. Idan a ƙeya ne aka yi ta maimaitawa, wasu kan samu ƙurajen da ke taurarewa su bar tabo mai tudu da ba ya ɓacewa. Mai askin Fagge ko Tudun Wada ya san wannan ba tare da ya karanta littafi ba, ya san inda zai tsaya da reza. Haka ma gyaran goshi. Layin da muke so a fitar a miƙe ba ya cikin salonsu, in aka matsa wa wanda bai saba ba sai ya yi ta ci yana gyarawa har goshi ya ƙaru.

Wata dabara da wasu samarinmu suka gano ita ce shagunan 'yan Siriya. Yaƙi ya kawo su Turkiyya da yawa, har adadinsu ya kai kusan miliyan 3.7 a 2021, kuma sun buɗe shagunan aski a Fatih da Esenyurt. Wanda ya yi Islamiyya mai zurfi, ko ya taɓa zama a Sudan ko Masar ko Saudiyya, zai iya fahimtar juna da su da Larabci, ko da ana 'yar dariyar yadda yake zuba Larabcin littafi.

Sai maganar sutura

Ga Bahaushiya akwai sharaɗi na uku, wanda sau da yawa shi ke zuwa farko. A Turkiyya ba abin mamaki ba ne a shiga shagon gyaran gashin mata a tarar maza ne ke aikin, ƙofar kuma gilashi ce da ke kallon titi. Matar da tun tasowarta ba ta taɓa buɗe kai gaban wanda ba muharraminta ba, daga bakin ƙofa za ta juya. An yi sa'a ƙasar na da mata masu lulluɓi da yawa, saboda haka akwai shagunan da mata zalla ke aiki, wasu kuma sun ware ɗaki na ciki. Kalmar da za a nema a jikin allo ita ce tesettür. An fi samunsu a unguwanni irin su Fatih da Üsküdar da Başakşehir. A can za a samu sutura da mutunci, a yi wanki cikin natsuwa. Kitso ne dai babu.

Hanyar Aksaray

Mai neman kitso na gaske, ƙarshenta jirgin titi mai lamba T1 za ta hau ta sauka Aksaray ko Yusufpaşa, ta gangara wajen Kumkapı. Nan ne 'yan Afirka suka fi taruwa a tsohon birni: 'yan Senegal, 'yan Kwango, 'yan Kamaru, 'yan Gini, Somaliyawa, Habashawa da 'yan kudancin Najeriya. Akwai wasu a Tarlabaşı da Kurtuluş da Mecidiyeköy, akwai kuma can Esenyurt, tafiya mai nisa a doguwar bas. Wasu shagunan suna da allo, wasu kuwa ɗaki ne a hawa na uku ko a ƙarƙashin bene, kusa da ofishin masu tura kaya, sai wadda ta sani ta raka ki. Wasu makitsan ba su da shago sam, a Instagram ake ganin aikinsu, a yi magana ta waya su zo har gida.

Ko a nan Turanci ba lallai ya yi aiki ba, domin makitsa da yawa daga ƙasashe rainon Faransa suka fito. 'Yar Maraɗi ko Damagaram ta fi 'yar Kano sakewa a wurin, ita za ta yi ciniki da Faransanci ta kuma yi wa ƙawarta tafinta. Amma wani abin lura shi ne, da zarar makitsiyar ta warware ɗankwali ta sa yatsu cikin gashin, rabin bayanin ya ƙare. Ta san a jiƙa, ta san a raba, ta san inda za ta sassauta.

Sauran rabin ne ke buƙatar magana, kuma magana ce mai muhimmanci. Kasuwar waɗannan shaguna ta ginu ne kan ƙarin gashi: dogayen kitso da gashin doki, saƙa, da hular gashi. Nan ribar take, kuma shi ne abin da yawancin masu zuwa ke nema, har da 'yan matan Turkiyya da ke son kitson Afirka lokacin zafi. Bahaushiya kuwa sau da yawa ba ta son ƙari ko sili ɗaya, saboda hanin da ya zo a hadisi kan haɗa gashi da wani gashi. Abin da take so shi ne shuku ko zane ko kalaba da gashinta na Allah, wanda zai kwanta lumui ƙarƙashin hijabi, ruwa kuma ya ratsa shi lokacin wanka. Dole ta faɗi wannan tun a waya, in ba haka ba za ta iso ta tarar an riga an buɗe ledar gashi an sa a lissafi. Dole kuma ta iya cewa a sassauta hannu. Makitsiyar da ta saba ɗaure ƙari tana ja da ƙarfi, jan da ya yi yawa kuwa shi ke cinye gashin gaban goshi da na gefen kunne, in aka daɗe ana yi ba ya dawowa. Kitson da ya hana barci ko ya tayar da ƙananan ƙuraje a gefe, tsefe shi ya fi alheri ko nawa aka biya.

Ita ma makitsiyar baƙuwa ce

Ana yawan kukan tsada, kuma gaskiya ne kuɗin kitso ɗaya a Istanbul zai yi kitso da yawa a gida. Amma ina ganin ba a yi wa matan nan adalci idan aka tsaya nan. Baƙo ba ya aiki a Turkiyya sai da izini daga ma'aikatar ƙwadago, bisa dokar 2016, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce wurin aiki ya ɗauki 'yan ƙasa biyar kafin a ba shi baƙo ɗaya. Ɗan shagon kitso mai kujera uku ina zai kai wannan? Saboda haka da yawansu a ɓoye suke aiki, wadda aka kama kuma tara ce da barazanar mayarwa gida. A watan Janairun 2021 aka rufe gundumomin Fatih da Esenyurt ga sababbin baƙi masu neman takardar zama, a Yulin 2022 kuma aka faɗaɗa rufewar zuwa unguwanni 1,169 a faɗin ƙasar. Wato unguwannin da kasuwarta take su ne waɗanda aka hana yin sabuwar rajistar zama a cikinsu. Wannan ne dalilin da ya sa lambar da aka ba ki bara za ki kira bana ki ji ta a kashe.

Ga kuma tsadar rayuwa. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a hukumance ta haura kashi 85 cikin ɗari. Lirar da ba ta kai biyu a dala ɗaya ba a 2012, ta wuce 30 a 2024. Haya ta tashi, man kaɗanya da sauran kayan aiki kuma sai an yo safararsu daga Afirka cikin akwatunan matafiya. Matar da ta tsaya awa uku ko huɗu a kan ƙafarta tana sunkuye kan wani, tana kuma da 'ya'ya a Dakar ko Kinshasa da ke jiran aike, ba ta cancanci a yi ta ja-in-ja da ita kan farashin Kano ba. Abin takaici ne a ga mai saro kaya ta kashe dubban daloli a Laleli da safe ba ta ce uffan ba, da yamma kuma ta tsaya tana murza makitsiya kan 'yan canji. A yi ciniki tun kafin a zauna, a faɗi irin kitson da girmansa, in an gama a biya abin da aka yi alkawari. In an sa lokaci kuma a cika, don ita ma wata ta hana saboda ke.

Waɗanda ke nesa da Istanbul

Duk wannan na wanda ke babban birni ne. Ɗalibai da yawa an tura su Konya da Sakarya da Kayseri da Erzurum, inda samun shagon 'yan Afirka ke da wuya ƙwarai. A irin waɗannan garuruwa ɗakin kwanan ɗalibai shi ne shago. Duk yarinyar da ta iya kitso ta zama 'yar gata, ranar Asabar ɗakinta cike yake, wata ta kawo abinci, wata ta yi mata wanki, wata ta biya kuɗi. Samari kan haɗa kuɗi su sayi kilifa ɗaya, wanda hannunsa ya fi daidai ya zama wanzamin kowa. Ranar Lahadi ma dole a koma ga juna, domin tun 2024 aka fara aiki da ƙa'idar rufe shagunan aski da gyaran gashi rana ɗaya a mako, a mafi yawan wurare kuma Lahadi ce, ranar da ɗalibi ya fi samun sarari.

A nan ne nake ganin gyaran yana hannun gida. A da yarinya kan tashi tana kitsa kan ƙannenta a tsakar gida, ba ta kai aure ba sai ta iya zanen yawo ko da ba ta zama gwana ba. Yanzu 'yan matan birni da yawa, musamman waɗanda suka fi samun damar fita karatu waje, ba su taɓa kitsa ko jela biyu ba, wasu ko tsifa sai an yi musu. Tsakanin fitowar sakamako da samun biza akan yi watanni ana zaune. Wata biyu a gaban makitsiyar unguwa ya isa yarinya ta koyi wanke kanta, ta taje ba tare da ta karya ba, ta kama manyan kalaba da hannunta. Saurayi ma ya zauna wurin mai askinsa ya tambayi lambar da ake sa masa a sama da gefe, ya ɗauki hoton kansa gaba da baya da gefe ranar da aka yi masa askin da ya fi so, ya koyi riƙe kilifa.

A cikin akwati, kusa da yajin, a bar wa mataji mai manyan haƙora wuri, da tsinken kitso, da man kaɗanya mai yawa, da busasshen karkashi ga wadda ta saba wanke kai da shi, da hular barci mai santsi. Kilifar da aka saya a Najeriya za ta yi aiki da wutar Turkiyya, sai dai bakin soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, don haka a haɗa da mahaɗi. Ta Nijar galibi shiga take kai tsaye. Ƙungiyoyin ɗalibanmu da ke tarbar sababbi a filin jirgi suna nuna musu banki da ofishin takardar zama da masallaci, su ƙara da lambar makitsiya da ta mai aski a cikin bayanin makon farko, su kuma riƙa sabunta ta duk zangon karatu, tunda masu sana'ar ba sa daɗewa wuri ɗaya.